Takardar Ƙofar Masallaci

Shekarun baya, lokacin da furfura ba ta sauka a gemuna ba, an yi wani zaɓen kansiloli a nan Gumel wanda har yau idan aka ɗauko zancensa sai in sami abin da zan duba a ƙasa. Jiya wani daga cikinku, ku ɗalibaina, ya tambaye ni me ya sa ba na fara rubuta wa mutum takarda sai ya gaya mini abin da ke cikinta daga farko har ƙarshe. Amsar tana cikin wannan labari. Duk waɗanda abin ya shafa sun yafe wa juna, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansu. Shi ya sa nake ganin babu laifi in faɗa.

Ina da wani aboki tun muna yara. Gaban malami ɗaya muka yi karatun allo, a wata rumfa da ke cikin tsohon gari. Daga baya mahaifinsa ya sa shi boko, ya yi aikin duba-gari na wasu shekaru, sannan ya ajiye ya koma sayen riɗi da zoɓo a Maigatari. Ni kuwa na zauna gaban Malam har na sauke, na koyi rubutu, rubutun kuma ya zama sana'ata. Mai son wasiƙa da ajami, mai son a kwafe masa waƙar wa'azi ko addu'a, ni yake nema. Saboda tawada ba ta rabuwa da hannuna, abokin nan nawa bai taɓa kirana da sunana ba. Baƙin Yatsa yake ce mini, ko a gaban wa. Ni kuma ina ce masa Duba-gari, har bayan ya bar aikin. A gidanmu kamar ɗa yake. Mahaifiyata ba ta kwashe tuwo ba ta ajiye masa nasa ba.

Da zaɓen ya matso sai mazaɓarmu ta rabu gida biyu. Akwai waɗanda ake ce wa 'yan gyara, yawancinsu samari ne da malaman makaranta da 'yan kasuwa, su suka tsayar da abokina. Akwai kuma ɓangaren dattawa, masu cewa a bar gari yadda aka tarar da shi, su ma da nasu mutumin, wani bawan Allah mai sanyin hali wanda ba ni da abin faɗa a kansa. Abin da ya raba su kuwa ba wani abu ba ne, lambatu ne.

Wanda ya san tsohon gari ya san abin da damina take yi mana a lokacin. Ruwa ba shi da hanyar fita. Sai ya kwanta a lungu, ya jiƙa gindin katanga, ya shiga ɗakuna. Ɗakin mahaifiyata ma duk shekara sai mun ɗora gadonta kan bulo. Abokina ya ce idan ya ci zai nemi a haƙa lambatu tun daga bayan masallaci har kududdufin bayan gari. Matsalar ita ce lungunanmu matsattsu ne. Aikin zai ci dakalin wasu gidaje, kuma dole a matsar da rumfar makarantar marigayi malaminmu.

Wannan ba labari aka ba ni ba. Shi da kansa ya zo zaurena da taswira a naɗe, ya shimfiɗa ta kan tabarma, ya danne gefenta da kurtun tawadata.

“Duba nan, Baƙin Yatsa, amma kada ka taɓa, kar ka ɓata mini takarda. Ga rumfar Malam. Kamu huɗu za ta ja baya, shi ke nan. Mu sake kafa ta da kwano, yara su daina karatu ƙafarsu cikin ruwa.”

Na ce, “Kai da ka gudu daga rumfar tun kana izu biyar, yau kai ne mai tausayinta?”

Ya ce, “Izu bakwai ne, maƙaryaci. Kuma bulalar da na sha a wurin ta fi taka.”

Muka yi dariya, ya naɗe taswirarsa ya tafi. Na gani da idona, na kuma gane. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe.

Surukina, mahaifin matata, yana cikin manyan ɓangaren dattawa. Mutum ne mai kwarjini, wanda ya ɗauki 'yarsa ya ba ni lokacin da ba ni da komai sai alƙalami da gafaka. Kun san yadda muke da surukai a nan. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Wata ranar Litinin da hantsi ya aiko in zo da kayan rubutuna.

Na same shi a zaure da wasu dattawa biyu. Na gaishe su, na rakuɓe a bakin ƙofa.

Ya ce, “Ɗana, matso. Yaran nan sun cika mana bango da hotuna da rubutun boko. Mutanenmu kuwa ba boko suke karantawa ba. Mu da rubutun iyayenmu za mu yi magana. Ɗauki alƙalaminka.”

Na ce, “To, Baba.”

Na gyara takarda kan gwiwata. Kafin ya furta kalma ɗaya, hannuna ya riga ya rubuta Bismillahi da salatin Annabi a saman shafin. Bai ce in rubuta ba. Babu wanda ya ce. Haka Malam ya hore mu, ba a fara rubutu sai da sunan Allah, hannuna kuma ya saba har ba ya jiran izinina.

Sai ya fara faɗa ina rubutawa. Jama'a ku farka. Wanda 'yan gyara suka tsayar ya zana taswira zai rushe makarantun allo na cikin gari. Da ta marigayi Malam zai fara.

Alƙalamina ya tsaya. Kaina a ƙasa na ce, “Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya, na ji kamar matsar da rumfar za a yi kaɗan.”

Ya ce, “Kaɗan? Yau a matsar da ita kamu huɗu, gobe a ce tana hana mota wucewa a kai ta bayan gari. Ni na ga abin da ba ka gani ba. Rubuta.”

Ina so in yi masa adalci, Allah Ya ji ƙansa. Ba ƙarya ya zauna ya shirya ba. Tsoro ne ya cika masa zuciya, ya kuma gaskata abin da yake tsoro. A cikin mu huɗu da ke zauren nan, mutum ɗaya ne ya ga taswirar, ya san abin da ke ciki. Shi ne kuma ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu.

Na gaya wa raina ai ni marubuci ne kawai, maganar ba tawa ba ce. Na kuma yi wata dabara da na ɗauka wayo ce. Na ajiye alƙalamin da na saba da shi, na ɗauki wani mai kaurin baki, na riƙa kwantar da baƙaƙen gefe guda don kada a gane hannuna. Babu suna a ƙasa, babu sa hannu. Na miƙa na fito ina jin na tsira.

Da na koma gida na gaya wa matata, sai ta dube ni ta ce, “Da ka ce masa yatsanka ke ciwo.”

Na ce, “In yi wa mahaifinki ƙarya?”

Ta ce, “Au, wadda ka rubuta fa?”

Na ce ta kawo mini ruwa.

Kwana biyu bayan haka aka kai takardar wurin masu inji aka buga ta da yawa, aka lilliƙa a ƙofofin masallatai, da tasha, da wurin masu shayi. A nan ne na ga abin da hannuna ya aikata. A lokacin zaɓe babu takardar da take wuni a bango. Waɗannan su liƙa hoton mutuminsu da safe, kafin azahar waɗancan sun yage sun liƙa nasu. Amma tawa ba wanda ya taɓa. Wa zai yaga takarda mai Bismillahi a kanta, ta faɗi ƙasa a taka? Samarin abokina sun zo a fusace, suka tsaya gabanta suka rasa yadda za su yi. Na ji an ce wani ya kai hannu, abokina da kansa ya riƙe shi ya ce, “Kul! Ba ka ga sunan Allah ba?”

Haka ta zauna a bango, tsaf, duk sauran takardu suna yagewa a gefenta. Tsofaffi su fito daga salla su tsaya su karanta, su karanta wa waɗanda ba su iya ba. Na ji wani dattijo da kunnena yana cewa, “Da rubutun boko ne sai in ce siyasa ce. Wannan kuwa hannun malami ne.” Ina tsaye a bayansa ina neman takalmina.

Abin bai tsaya a waje ba. Wata maƙwabciya ta shiga ta ba mahaifiyata labari. Rannan abokina ya shigo gaishe ta kamar yadda ya saba, ya durƙusa ya ce, “Inna, barka da gida.” Ta juya masa ƙeya, ta ci gaba da tsince wake. Ya sake gaisarwa. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Rumfar da ka yi karatu a ciki ita za ka rushe? Tashi ka ba ni wuri.” Ina daga ƙofar ɗakina ina ji. Ya tashi ya fita.

Ranar Laraba ta makon da ya biyo baya, bayan la'asar, ya yi sallama a zaurena. Ya zauna inda ya zauna ranar taswira. Ya zaro takarda daga aljihu, a ninke da kyau. Ashe a hankali ya ɓamɓaro guda daga bango don kada ta yage. Ya buɗe ta ya ajiye tsakaninmu.

Ya ce, “Baƙin Yatsa, hannunka ya ƙara kyau.”

Na ce, “Wane hannu?”

Ya ɗora yatsa kan wani baƙi. “Ka sake alƙalami, ka kwantar da rubutu, duk na gani, sannu da ƙoƙari. Amma wutsiyar nun-ara tana nan yadda kake janta har ta shiga layin ƙasa. Sau nawa Malam ya buge maka yatsu a kanta? Ni nake zaune kusa da kai.”

Na fara cewa ai Baba ne ya kira ni, ai ka san suruki. Ya ɗaga hannu.

“Na sani. Ban zo faɗa ba. Yarana suna ta tambayata ko na san mai hannun, na ce su bar maganar. Abu ɗaya nake roƙonka. Jibi Juma'a, in an idar da salla, ka miƙe ka gaya wa mutane abin da ka gani a taswira. Ba sai ka ce kai ka rubuta ba. Ka ce kawai ka gani, kamu huɗu ne. Kai almajirin Malam ne, kai za su yarda da kai. Ni in na faɗa, ɗan siyasa ne ya faɗa.”

Na ce, “In sha Allahu.”

Ya yi murmushi ya ce, “Wanne? Na malamai ko na 'yan kasuwa?”

Na ce, “Haba, Duba-gari.”

Ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, “Kuma ka gaya wa Inna. Wannan ya fi mini zaɓen zafi.”

Na wuni Alhamis ina shirya abin da zan faɗa. Har na tsara kalmomin, masu laushi, waɗanda ba za su taɓa kowa ba. Amma duk lokacin da na hango kaina a tsaye cikin masallaci, sai in hango surukina a sahun gaba, inda yake zama, yana waiwayowa ya ga wanda yake ƙaryata shi a gaban jama'a. Da gari ya waye Juma'a sai na tuna akwai wani ɗan'uwan abokin mahaifina da ya rasu a wani ƙauye wajen Sule Tankarkar, ban je gaisuwa ba. Mutumin nan har an yi sadakar arba'in ɗinsa, ban ma tabbata na taɓa ganinsa ba. Amma ranar nan zumunci ya kama ni ƙwarai. Na hau babur na tafi. Mutanen gidan suka yi ta mamakin kirkina, har da ba ni fura. A can na yi Juma'a, ban dawo ba sai da rana ta yi sanyi.

An gaya mini bayan salla abokina ya daɗe a tsaye a ƙofar masallaci, yana duban masu fitowa ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya watse.

Washegari aka yi zaɓe. Na shiga layi, na karɓi takardata, na dangwala wa abokina. Na fito ina kallon tawada a babban yatsana, ina jin kamar na biya wani abu. Ƙuri'a ɗaya na ba shi a ɓoye, bayan na kwashe masa unguwa guda a fili. Da aka ƙirga, ya yi ƙoƙari a sababbin unguwanni, amma akwatunan tsohon gari suka kayar da shi. Har akwatin da ke kusa da gidan da aka haife shi.

Bai yi rigima ba. Ya je ya taya wanda ya ci murna, ya sallami yaransa. Bayan 'yan watanni ya kwashe iyalinsa ya koma Maigatari da zama. Bai sake tsayawa takarar komai ba.

Mahaifiyata kuwa sai da damina ta zo, muna ɗora gadonta kan bulo, sannan na iya buɗe baki na gaya mata gaskiya. Ta ce, “Da hannunka?” Na ce da hannuna. Ta ce, “Ka bar ni na kori yaron nan daga gidana kana tsaye?” Ta sa aka daka mata yaji da kuka, ta ƙulla, ta ba direban Maigatari ya kai masa, tare da saƙon ya yafe mata. Ita ta riga ni. Ni sai da na ƙara shekaru ina cewa gobe.

Kun san abin da ya faru da lambatun? An haƙa shi. Shekaru bayan haka hukuma ta kawo aikin, kusan kan layin da abokina ya nuna mini da yatsa. Babu wanda ya ce uffan. Rumfar Malam a safiya ɗaya aka tuge ta aka ja da ita baya, aka rufa mata kwano. Surukina, ya tsufa sosai a lokacin, aka kawo masa kujera ya zauna yana kallon ma'aikata yana sa musu albarka. Ba na jin ya ma tuna da takardar. Ni na tuna. Na auna da idona, kamu huɗu ne, ko da ɗan ɗori.

A makon da aka matsar da rumfar na shiga mota zuwa Maigatari. Na same shi a shagonsa, cikin buhunan riɗi, yana sa ana awo. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari. Da ya gan ni ya miƙe da fara'a, ya sa aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo ruwa mai sanyi.

Ya ce, “Malam, sannu da zuwa. Ya iyali? Ya ɗalibai?”

Na dube shi in ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba.

Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har da gaisuwar mutuwar da na ƙirƙiro. A nan ya ɗan yi dariya. Ya ce, “Wallahi na yafe tun a ranar. Kujerar ba rabona ba ce, ga shi kuma an yi lambatun. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.” Sai ya shiga ciki ya fito da gafakar Alƙur'aninsa, ya zaro takardar nan. Ta yi ja, ta kusa rabuwa a wurin ninki.

Na ce, “Duk shekarun nan kana ajiye da ita?”

Ya ce, “Ba don riƙo ba ne, Malam. Ina zan jefar da ita? Da sunan Allah a kanta. Ungo, kai ka fi ni sanin yadda ake yi da irinta.”

Ya raka ni har bakin mota, ya sa mini riɗi a leda in kai wa iyali. Da mota za ta tashi na leƙo na ce, “Sai wani jiƙon, Duba-gari.” Na jira. Ya ɗaga hannu ya ce, “Allah Ya kiyaye hanya, Malam.”

Tun daga lokacin muna zumunci. Ya zo jana'izar mahaifiyata, shi ya shiga kabari tare da ni muka karɓe ta. Na je auren 'ya'yansa. Babu abin da zan nema ya hana ni. Amma na gane yafiya daban, komawa yadda ake daban. Ya yafe mini hakkinsa, wannan na tabbata, ina kuma fatan Allah Ya karɓa. Wancan wurin da nake da shi a zuciyarsa, inda yake iya zagina a gaban mutane mu yi dariya, ni na rushe shi, kuma babu taswirar da za a sake gina shi da ita.

Abin da na koya shi ne, kunya halin kirki ce, amma ranar da ta sa ka danne gaskiyar da kai kaɗai ka sani, ta tashi daga kunya ta koma tsoro. Da na ce, “Baba, ka gafarce ni, na ga taswirar,” iyaka ya yi fushi na mako guda, matata ta je ta ba shi haƙuri. Na kuma koyi cewa mai rubutu ba alƙalami ba ne. Mutane ba maganar surukina suka gaskata ba, hannuna suka gaskata, da sunan Allah da na ɗora a sama. Wannan ne yake hana ni sakewa har yau. Na ɗauki sunan da ya fi kowane suna tsarki na sa ya yi gadin ƙarya a ƙofar masallaci. Astagfirullah. Shi ya sa yanzu sai na ji magana har ƙarshenta kafin in tsoma alƙalami a tawada.

Takardar tana cikin gafakata. Na san ya halatta in ƙona ta in binne tokar, na kuma sha yin niyya. Ba irin rubutun allo ba ce da za a wanke, tawadar inji ce. Na bar ta dai.

Makon jiya ya kira ni a waya, yana so in rubuta masa addu'ar da za a rataya a sabon shagon ɗansa. Muka gaisa, muka tambayi lafiyar juna. Ina sane na ja hirar, har na ce masa tawada ta ɓata mini yatsu yau, ko zai tuna. Ya ce, “Ai aikinku ne, Malam. Allah Ya saka da alheri.”